Layin 'Yar Fari a Fom ɗin Malam Isiyaku

Ran nan jikata Nana ta zo da ƙawayenta biyu, ta zauna gefen tabarmata tana latsa waya. Kafin in gama tsince shinkafa ta ce wai ta gama cika fom ɗin neman aiki a ƙasar waje. Ta ɗaga kai ta ga tafiretata a bisa kabad, lulluɓe da tsohon zane, ta ce, "Inna, wai wannan ce ake ce mana sana'a? Ai kwafa ce kawai. Mutum ya faɗa, ki buga." Ƙawayen suka yi dariya, ni ma na taya su. Amma tun da haka kuke gani, ku 'yan yanzu, bari in rubuta muku yadda aikin yake, don in na faɗa da baki rabin hankalinku na kan waya.

Tafiretar nan ta kawuna ce, Baba Akawu. Da ya bar aikin kotu sai ya kafa tebur kusa da gidan waya yana buga wa mutane wasiƙu. Da na gama sakandare na yi shekara guda a hannunsa kafin a yi mini aure. A makaranta an koya mana inda kowane yatsa ke sauka, har muna bugawa ido rufe, don haka na je masa da ɗagawa. Wata uku bai bar ni na taɓa farar takarda ba. Gefen tsohuwar jarida nake bugawa, in goge ƙarafunan haruffa da tsohon burushin haƙori, in sa allura in tono dattin da ya cushe a cikinsu, in ɗiga man keken ɗinki inda ya nuna. Zaren tawada in ya bushe ba a yar da shi, ana juya shi a ci ɗaya gefen. Takardar kabon kuwa sai an ɗaga ta an hango rana ta cikinta sannan Baba zai yarda ta mutu.

Ainihin abin da ya koya mini ba a yatsu yake ba. Ya ce, "Fom rantsuwa ce. Abin da bakin mai shi ya faɗa, shi za ki buga, ba abin da ke kika sani ba. In kin sa masa abin da bai faɗa ba, kin yi rantsuwa a madadinsa, kuma gobe ƙiyama ke za a tsayar." In an gama sai a karanta wa mutum komai daga sama har ƙasa kafin ya sa hannu. Duk layin da ya rage babu komai a ja masa zare da maɓallin ɗan karan nan na tafireta har ƙarshe, don kada wani ya cusa abu daga baya. Layin da aka ja wa zare ya rufu ke nan har abada.

Ranar da aka kai ni gidan miji a unguwar Liman Abaji cikin Keffi, tafiretar tana cikin kayan ɗaki, wata mata ta ɗauko ta a ka tsakanin masu kwalla da masu tasa. Surukata, Allah ya ji ƙanta, ta zagaya ta sau biyu, ta leƙa ƙasa, ta ce, "To, ta ina ake zuba barkonon?"

Maigidan malamin gona ne, mutum mai sauƙin kai. Ya bar ni in yi aikin daga cikin gida. Aka rataya asabari a ƙofar da ke tsakanin zaure da shigifa: maza su zauna a zaure, ni ina ciki da tafireta a kan turmi da aka kife, takardu na shige da fice ta ƙarƙashin asabarin. Yawancin masu zuwa ban taɓa ganin fuskarsu ba sai a hoton fasfo. Hoton ma kusan duk a cikin kwat ɗin maigidan aka ɗauke shi, don shi kaɗai ke da kwat da naktaye a layinmu. Akwai ƙunar dutsen guga a bakin aljihun. Sai ka ga siriri ya ɓace a cikinta, ka ga ƙato ta ƙi rufuwa a kansa, amma ƙunar na nan inda take.

Bayan samun 'yancin kai aikina ya koma kusan duk na masu son zuwa Ingila aiki. A lokacin ƙofofin ba ɗaya ba ne, kuma rabin aikina shi ne in gane wacce ce ta mutum. Akwai wanda wani asibiti ko kamfani na can ya riga ya rubuto masa cewa yana buƙatarsa. Wannan hanyarsa a share take, sai dai aikin da aka kira shi shi zai yi. Akwai mai satifiket na aikin da suke nema, kamar nas ko malamin makaranta. Shi satifiket ɗin ne zai yi masa magana. Akwai 'yan mata da samari da ke tafiya a matsayin masu koyon jinya, suna karatu suna aiki. Sai layin waɗanda ba su da ko ɗaya, a rubuta suna a jira. Wani tela a unguwar Gangaren Tudu ya yi ta jira har aka rufe wannan ƙofar yana kan jira, ya ci gaba da zuwa gidan waya duk Talata don ya saba. Kowa kuma ƙofar wani yake so. Wani mahauci ya yini a zaurenmu wai lalle in sa shi cikin ma'aikatan asibiti, tun da babu abin da ke cikin ciki da bai taɓa riƙewa da hannunsa ba.

Kowane fom yana da layin mai tsaya wa mutum, ma'aikacin gwamnati da ya san shi. Sau da yawa maigidan ne. Ku yanzu kuna kiran mazanku da sunansu kamar kuna kiran mai rake, amma mu ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Na kai ƙara wurin Baba Akawu, ya yi tunani ya yanke hukunci cewa yatsu ba su da kunya, baki ne ke da ita. Don haka in na zo layin sai in kau da kai in buga. In kuma ana karatun ƙarshe, da na iso wurin sai tari ya kama ni, in tsallake. Shekara goma sha ɗaya ina wannan tarin, har wani nas ya taɓa aiko mini da magani.

Aikin da ya fi ba ni wuya a duk shekaruna shi ne na Malam Isiyaku. Abokin maigidan ne tun suna yara, mai gwajin jini a asibiti, mutumin Gangaren Tudu. Wani asibiti a Ingila ya rubuto yana son sa, har da izinin ya taho da iyali. Fom ɗin guda ɗaya tak aka aiko, takarda mai kauri, wadda in ka sa mata reza don kankare kuskure sai ta tona maka asiri. Ya zo ran Alhamis da hantsi, kuma ran Litinin zai je Gudi ya hau jirgin ƙasa zuwa Kaduna, ya kai fom ɗin da iyalin gaba ɗaya Baturen ofishin Ingila ya gan su.

Muka yi ta tafiya lafiya: suna, gari, aiki, matarsa Asabe. Muka iso wurin 'ya'ya. Layi shida ne, a jera daga babba zuwa ƙarami.

Na ce, "Malam, yara nawa?"

Ya ce, "Uku. Sani, Ladidi, Bala."

Na ɗauke hannu daga kan tafireta. Ni da kaina na tuƙa tuwon sunan 'yarsu ta fari shekara tara da suka wuce. Rakiya. Da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta zuwa garinsu Panda, yadda ake yi da ɗan fari. Kakar ta rasu da damina, aka dawo da yarinyar gidan ubanta. A gidan ba mai kiranta da suna sai ƙannenta. Uwa da uba "Baƙuwa" suke ce mata, ita kuma tana ce wa uban Yaya, uwar kuwa Asabe kai tsaye, kamar yadda ta ji kakar na faɗa. Ba ƙiyayya ba ce. Isiyaku in ya sayo takalma nata ne mafi kyau, sai dai ya ajiye a bakin rijiya ya ce wa iska, "Wani ya ga ko akwai wanda wannan zai yi wa."

Na ce, "Malam, a sake ƙirgawa."

Ya ce, "Uwargida, mutumin da ke ƙirga ƙwayoyin jini kike cewa ya sake ƙirga yara uku?"

"Ba wanda aka manta?"

Na ji yana gyara zama a kan buzu. Can ya ce, "To, akwai dai mutanen gida."

"Fom bai san mutanen gida ba. Suna yake so."

"Ke nan dai. Buga abin da na faɗa."

Na buga abin da ya faɗa, amma daga layi na biyu na fara. Sani, Ladidi, Bala. Na ja wa na biyar da na shida zare. Na dawo kan layin farko, na ɗora yatsa a kan ɗan karan, na ce, "Malam, ka san dokar aikin nan. In na danna, layin ya rufu. Wanda ba ya cikin takardar nan ba zai hau jirgi ba, kuma in ka je can ka ce kana da wata 'ya da ka bari, za su buɗe wannan takardar su nuna maka rantsuwarka. In danna?"

Ya ce, "Tsaya."

Na tsaya.

Ya ce, "Ba a kira azahar ba kuwa?"

Hantsi ne, ko inuwa ba ta matse ba. Na ji ƙarar kekensa ya fita. Fom ya kwana a cikin tafireta, na lulluɓe shi da zane don kada ƙuda ya yi masa sa hannu.

Ran Juma'a Asabe ta zo da kanta, yarinyar na biye. Muka gaisa, aka gaida yara ɗaya bayan ɗaya da suna, ban da wadda ke zaune a gabanmu. Na kawo kunun gyaɗa. Asabe ta juya ludayi ta juya, ta ce, "Maman Habu, an ce akwai abin da aka manta a takarda."

"Mene ne?"

"Kin sani."

"Na sani. Amma sanina ba ya shiga fom."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Yarinyar kuwa ta matso wajen tafireta tana kallon haruffa, hannu a baya kamar an ce kada ta taɓa. Ta ce, "Inna, ina nawa?" Na nuna mata na farkon sunanta. Ta dube shi da kyau. Sai ta ce, "Yaya ya ce za su shiga jirgin sama da su Sani. Ni wa zai mai da ni Panda? An rufe ɗakin Kaka." Asabe ta tashi ta ce ta bar wake a wuta, ta fita ba ta ko ɗauki takalminta na hagu ba.

Ran Asabar da safe Isiyaku ya dawo da dabaru. Maigidan na zaure yana liƙe tayar keke. Da farko wata 'yar takarda ta shigo ta ƙarƙashin asabari, an naɗe ta kamar laya. Na buɗe na ga sunan, da rubutun wani abokin aikinsa.

Na ce, "Wannan hannun ba naka ba ne, bakin ma ba naka ba. Kuma ko na karɓa, ba ka tsira ba. Waɗanda suka je Kaduna sun gaya mini: Baturen yakan dafe takardar da tafin hannu ya ce uba ya kira yaransa ɗaya-ɗaya, don ana cusa musu 'ya'yan dangi. In ka yi masa tsit a kan ta farko, me zai ɗauka?"

Ya ce, "To, ki sa Baƙuwa."

"Da wannan sunan aka yanka rago?"

"Ki sa ta a ƙanwata. Ai Yaya take ce mini, ko an tambaye ta haka za ta faɗa."

"A'uzubillahi. Ka rantse 'yarka ƙanwarka ce? Ka ɗauki takardarka ka kai wa wani."

"Waccan fa? In na ce waccan ina nuna ta da baki?"

"Babu maɓallin nuni da baki a tafiretar nan, Malam."

Maigidan ya yi dariya har famfo ya faɗi daga hannunsa. Abin ya ɓata wa Isiyaku rai. Ya ce, "Kai kana dariya? To, Uwargida, bari in tambaye ki. Ke mai koya wa mutane faɗin suna. Shekara nawa ina jin kina karanta fom a gidan nan, in kin zo layin mai tsayawa sai tari? Duk Keffi an san tarin nan. Ki faɗi sunan wannan mai liƙin tayar yanzu, da baki, yana ji. In kin faɗa, wallahi zan faɗa."

Maigidan ya ce, "Kai, Isiyaku, bar wasan nan."

"Ba wasa nake ba. Na rantse."

Ya rantse ne don ya tabbata ba zan iya ba. Ni ma haka na ɗauka. Na dubi layin farko, fari tas, da ɗan wurin da yarinyar ta tsaya jiya tana kallo. Na yi bisimilla a zuci, na nemi gafarar iyayena da suka yi mini tarbiyya, na kama gefen turmi, na faɗa. Sau ɗaya ke nan a rayuwata, kuma kada ku sa rai zan maimaita a nan.

Ban san da ƙarfi ya fito ba. Maigidan ya zabura tsaye ya ce, "Na'am, Inna!" don tun da aka haife shi muryar mace ɗaya ce ta taɓa kiransa haka. Ƙafarsa ta shiga kwanon ruwan da yake gwada tayar. Ita kuwa Innar, surukata, tana tsakar gida tana kaɗa miya, sai ga ta da maburgi a hannu. Ta ce, "Wace mara kunya ce ta kira mini ɗa?"

Ni na riga na tura kaina cikin mayafi har gwiwa. Maigidan ne ya yi mata bayani, yana in'ina. Ta saurara har ƙarshe. Ta ɗaga asabarin, abin da ba a taɓa yi ba ana aiki, ta wuce ta zauna daidai bakin ƙofar fita, ta miƙe ƙafafu.

Ta ce, "Isiyaku, ni na yi wa uwarka wankan jegonka. An zubar da mutuncin ɗana a zaurensa saboda kai. Matar ɗana, yarinyar kirki, ta ɓata bakinta saboda kai. Ba za ka fita ba sai ka biya. In kuwa za ka tsallake ƙafata, bisimilla."

Ya ce, "Inna, a ba ni zuwa la'asar."

"Miyata na kan wuta. Yi sauri."

Ya tashi. Ya juya ya fuskanci bango, har hularsa na taɓa shi. Ya yi gyaran murya sau uku. Abin da ya fito na farko ko sauro ya fi shi ƙara.

Inna ta ce, "Ban ji ba. Ni tsohuwa ce."

Ya sake. Ta ce, "Da bango kake gulma?"

A na uku ya kware baki ya ce, "Rakiya!" har kajin maƙwabta suka watse.

Kafin ya rufe baki na buga. Harafi shida, ban taɓa buga wani abu da sauri haka ba. Da na zo karatun ƙarshe na karanta masa yara huɗu, ya ce haka ne, yana kallon bango. Da na iso layin mai tsayawa na yi tarina kamar kullum.

Sauran aiki ya rage, don ita ma yarinyar sai an koya mata. In Bature ya nuna Isiyaku ya ce wane ne wannan ta ce Yaya, an koma gidan jiya. Ran Lahadi aka yini ana gwaji a zaurenmu, Inna ce Baturen, ta ɗora tabaran maigidan a hanci, ta dafe faifai a madadin fom. Isiyaku ya kasa faɗa sai yana fuskantar bango, kuma ya kasa faɗa a hankali. Ko dai shiru ko ihu. Da ya kira na farko yarinyar ta waiga bayanta tana neman wadda ake kira. Da aka ce ta ce Baba sai dariya ta kama ta, ta ce, "Yaya ne fa." Aka yi ta yi har ta iya, amma ita ma da ihu, don ta ɗauka haka ake yi wa Turawa magana.

Abin da ya faru a Kaduna Asabe ce ta ba ni labari da suka dawo haɗa kaya. Baturen ya dafe takarda ya ce a kira yara. Isiyaku ya miƙe, ya nemi bango, ya samu wanda aka rataya taswira, ya manna hula a jiki ya ce, "Rakiya!" Yarinyar ta ƙame kamar soja ta ce, "Na'am, Baba!" Alƙalamin Baturen ya faɗi. Wani dattijon masinja, Bakatsine, ya leƙo da gudu. Ya dubi yarinyar, ya dubi sauran, ya ga ita ce babba, ya kama baki ya ce wa Asabe, "'Yar fari ce? Subhanallahi. Tun ba ku je ba kun lalace." Baturen ya tambayi dalilin fuskantar bango. Isiyaku ya ce masa a garinsu haka ake yi. Ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa, ya buga hatimi. Su shida suka tafi. Ni kuwa sati biyu ban iya haɗa ido da maigidan ba, tuwo ma ta ƙarƙashin asabari nake tura masa kamar fom.

Mummunar shekara ta zo mini ne daga inda ban zata ba. Ba yunwa ba ce, ƙoshi ne. Da kuɗin mai suka shigo aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya sayi babur da rediyo, wa zai je ya sha sanyi a ƙasar wani? Can ma sun riga sun ƙuntata ƙofofinsu. Sai ma baƙi ke shigowa, malaman makaranta daga Gana da Indiya, su kuwa da takardunsu a buge suke zuwa. Kwat ɗin maigidan ta yi wata tara a ƙusa ba wanda ya aro. Zaren tawada ya bushe gaba da baya. Wata kaza ta gano akwatin tafiretar a shigifa ta yi ƙwai bakwai a ciki, Inna ta hana a taɓa, ta ce yau dai abin ya yi amfani. Na koma dambun nama da saƙar hula har kaza ta ƙyanƙyashe. Bayan nan aikin ya dawo kaɗan-kaɗan, amma fuskarsa ta juya gabas: asibitocin Jidda da Madina ke neman nas-nas da masu haɗa magani, da kwantiragin shekara biyu-biyu, kuma wanda ya ɗauke ka shi ke riƙe da izininka.

Cikin waɗannan shekarun, wata safiya ina shanya wanki, wata mata ta yi sallama ta shigo har tsakar gida da farin takalmin asibiti. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Inna, ba ki gane ni ba." Rakiya ce. Sun dawo tun tana 'yar sha biyar, ta yi karatun jinya, ta yi aure a Gangaren Tudu. Ta ce ubanta har yanzu bai sake kiran sunanta ba tun Kaduna, sai dai in zai yi mata magana yakan ɗan karkata wajen bango. Wani asibiti a Jidda ya kira ta, da izinin iyali. Ta ce ba wanda zai taɓa mata fom sai ni.

Na kife turmi, na ɗora tafireta, na sa takarda. Yarinyar da ta yi makaranta a Ingila, Turancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Muka wuce suna, gari, aiki, miji. Muka iso wurin 'ya'ya.

Na ce, "Yara nawa?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ta ce, "Biyu."

Ni kuwa sau uku ana aiko mini da goron suna daga gidanta.

Na fara daga layi na biyu. Na gama, na dawo sama, na ɗora yatsa a kan ɗan karan. Na ce, "Rakiya, ga bango can a zaure. Ubanki ya bar miki wurin, har yanzu akwai shatin hularsa."